Kujerar Dama a Kwatano

Tun da na dawo ban huta ba. In na fito majalisarmu ta bakin Ƙofar Nassarawa bayan la'asar, kafin in gama gaisawa wani ya jefo: "Kyaftin, ya Kwatano? Da gaske ka ƙi aikin gida?" Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma duk wanda ya tashi da shi sai ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji wai wata Bafaransa ce ta riƙe ni a can. To ga shi a rubuce tun daga tasha. Wanda ya sake tambayata miƙa masa zan yi, ya karanta da kansa.

Kyaftin ɗin da suke kirana tsokana ce. Shekara biyu ke nan da na gama makarantar koyon tuƙin jirgin sama, lasisina yana cikin durowa, ni kuma ina shagon Kawu Lawan, ƙanin mahaifiyata, a kasuwar Kwari ina auna yadi. Wanda bai sani ba ya ɗauka kana gama makaranta jirgi na jiranka a ƙofar gida. Ina! Sabon matuƙi awoyin tashinsa kaɗan ne, manyan kamfanoni ko kallonsa ba sa yi. Dole ka fara da ƙananan da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan kusa, ka zauna a kujerar dama a matsayin mataimaki, kyaftin yana hagu, har ka tara awoyi. Na tura takarda duk inda na ji ana da jirgi, shiru. Sai ga aiki biyu a mako ɗaya.

Na farko ta hannun Baba Kyaftin ya zo. Kyaftin Garba aminin mahaifina ne tun suna yara a Goron Dutse, makarantar allo ɗaya suka yi. Sunansa aka sa min, shi ya sa a gida ake ce min Saddiƙu, shi kuma takwara yake kirana. Shi ya fara kai ni filin jirgi ina ɗan firamare, shi ya tsaya min har na shiga makarantar. Ko a waya muke magana sai in tsinci kaina a durƙushe. Shi ne babban matuƙi a wani kamfani na gida. Ya zo har zaurenmu ya gaya wa Baba an samu gurbi, ya riga ya ba da sunana. "Zan sa a dinga haɗa mu tare," ya ce, "ni da kaina zan goge shi." Baba har da ƙwalla.

Kwana huɗu bayan haka saƙo ya shigo daga wani ƙaramin kamfani a Kwatano, wanda har na manta na nema. Jiragensu masu farfela ne, suna zagaya garuruwan gaɓar teku. Suka ce in zo gwaji.

"Gwajin me kuma?" in ji Baba. "Garba ya gama magana."

Na ce a makaranta an ja mana kunne kada mu sa hannu a takardar kamfani sai mun leƙa wani mun kwatanta. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ya yi wa ɗalibai har ya yi ritaya. Kawu Lawan ne ya cece ni. Ya ce, "Malam, ai ni ma jibi zan tafi can saro kaya. Bar shi ya riƙe min jaka, ya ga gari ya dawo." Baba ya ce in je in dawo, amma maganar Garba tana nan inda take.

Doguwar motar Legas muka shiga a Sabon Gari. Na kawo shawarar jirgi, Kawu ya ce shi bai taɓa shiga ba kuma ba zai shiga ba ko da ni ke tuƙi. Sai ya gyara: "Musamman ma in kai ke tuƙi." Haka matuƙin jirgin sama ya zauna a kujerar baya kusa da taga, gwiwoyinsa a ƙirji, buhun wani na albasa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Hanya dai hanya ce, ba abin da zan gaya muku wanda ba ku sani ba. Abu ɗaya ne ya tsaya min. Da safe, mun wuce Ilori, direban, dattijo ne mai furfura, ya shiga wuce tankokin mai a kwana. Duk motar an yi tsit, kowa na salati a ransa. Sai wata Bayarabiya 'yar kasuwa ta miƙe daga tsakiya ta dinga zazzaga masa masifa, har da dukan kujera. Na taɓa Kawu na ce, "Dubi rashin tarbiyya, mutumin nan ya haife ta." Kawu ya ce, "Uhm." Direban dai ya yi ƙunƙuni ya rage gudu, ni ma na saki kujerar gabana da na ƙanƙame.

A Legas ba mu daɗe ba. Muka yi salla, muka sha shayi wurin wani ɗan Gezawa da ya ƙi karɓar komai da ya ji daga cikin gari muke, sannan muka shiga ƙaramar mota zuwa iyakar Seme.

A iyaka aka ba ni takarda in cike. Wurin sana'a na rubuta matuƙin jirgin sama, da manyan baƙi, ina jin kaina. Jami'in ya karanta, ya dubi silifas ɗina da ya sha taɓo, ya dubi jakar Kawu a kaina, ya ce, "A ina ka ajiye jirgin?" Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi ta dariya. Raina ya ɓaci, na fara laluben lasisina in nuna musu. Kawu ya take min ƙafa. "Rabu da su, su yi dariyarsu. Wanda ke dariya ba ya riƙe fasfo." Ai kuwa aka buga hatimi aka miƙo min, har da sara min irin ta soja. Daga nan na jawo wa kaina wata: na ciro waya zan ɗauki hoton ƙofar iyakar in turo muku. Wani mai kaki ya daka min tsawa da Faransanci, ya sa na goge a gabansa. Laifina ne, alamar tana rubuce a bango, ni ne ban duba ba.

Kwatano garin babura ne. Acaɓar da aka hana a Kano kamar can ta yi hijira, sai dai su zemijan suke ce mata, kowane direba da rigarsa ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Mata ma suna tuƙa nasu, da goyo, da kwandon kaya a gaba. Ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi kamar zuma. Kawu ya hau ɗaya, na hau ɗaya, na rufe ido har muka isa Zango, unguwar Hausawa.

Mai masaukin Kawu sunansa Alhaji Mudi. Kakansa ne ya zo daga Dala da fataucin goro, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba, amma ya fi ni son ta. Kafin mu zauna aka kawo ruwa a kofi, ya kurɓa ya miƙo min. Can baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwan gida, ko ba ya jin ƙishi. Ina ajiye kofin ya fara: rijiyoyin rini na Ƙofar Mata suna nan? Da gaske ganuwa ta zube? Nawa ne tsayin Dala in aka gwada da benen can? Na yi ta amsawa har na fara ƙirƙira.

Nan na buɗe jakata in ciro farar rigata ta aiki, wadda na goge tun Kano na naɗe a leda. Tabɗi! Ashe Kawu ya rasa wurin sa tsarabar Alhaji Mudi, ya cusa ƙullin daddawa a jakata bai gaya min ba. Kwana biyu tana zufa a kan rigar. Na ce, "Haba Kawu! Haba Kawu!" Ya shinshina ya ce ai ƙamshin gida ne, za su san daga gidan mutunci na fito. Sau uku na wanke ta, har da lemon tsami. Damina ce, iskar garin kanta a jiƙe take, rigar ta ƙi bushewa sai da na bi ta da dutsen guga. Duk da haka in na motsa sai in ji miyar kuka.

Abinci kuwa, da safe dogon burodi ne mai tauri kamar sanda, a yanka a shafa bota. Da rana aka kawo wani farin tuwo mai sanyi a naɗe da ganye, akasa suke ce masa, ɗan tsami-tsami kamar kamu, da soyayyen kifi da wani koren barkono. Na ɗauka koren ba ya da zafi. Na kai loma ɗaya hawaye suka zubo, Alhaji Mudi ya ce shi ya ji ana cewa Kanawa akwai cin yaji. Sannan da azahar gari ya mutu, an rufe shaguna da ofisoshi, kowa ya tafi cin abinci da barci sai wajen uku. Kawu ya ce duk shekarun da ya yi yana zuwa wannan ce kaɗai ɗabi'arsu da ya kasa yafewa.

Washegari na tafi kamfanin. Ƙaramin gini ne a gefen filin jirgi, bai kai shagon Kawu biyu ba in ka cire rumfar gyara. Mu huɗu muka zo gwaji. Da safe aka yi mana na rubutu da tambayoyin baki, ban sha wuya ba. Ni ma na je da nawa tambayoyin a takarda: awa nawa mataimaki ke tashi a wata, shekara nawa za su ɗaure ni in sun horar da ni a kan jirginsu, yaushe mutum ke komawa kujerar hagu, ina zan zauna. Suka amsa ba ɓoye-ɓoye. Awoyi sun fi na gida yawa. Amma albashi bai kai ba, ɗauri shekara uku ne, kuma Kano sai dai in gan ta a hutu. A gida kuwa jirgin ya fi girma, kuma in na sauka tuwon Umma zan ci. Na ninke takardata na ce a raina an gama, na ga gari, gobe sai gida.

Ina zaune ina jiran gwajin ƙarshe, a teburin gefena wani tsoho da wata yarinya suna shirin tashi. Tsohon shi ne Kyaftin Dosu, babban mai horarwarsu, kansa fari fat, zai girmi Baba. Yarinyar mataimakiyarsa ce, Selin, ba za ta wuce sa'ata ba. Ya miƙa mata takardar lissafin mai, ta duba, ta tura masa ita da yatsa ɗaya. Da Turanci suke magana, don haka na ji komai. "A'a, Dosu. In aka ce mu jira a sama saboda ruwa, wannan ba zai ishe mu ba." Dosu! Gatsau, ba kyaftin, ba ranka ya daɗe. Na ji kamar ni na yi rashin kunyar. Tsohon ya sa tabarau ya sake dubawa, ya ce ta yi gaskiya, ya soke ya gyara, suka ci gaba da shan kofi.

Bayan la'asar, da suka dawo, aka shigar da ni simuleta. Ɗaki ne da aka ƙera kamar gaban jirgi, komai da komai, da allon da ke nuna maka sama da ƙasa, in ka yi kuskure ka faɗi ba wanda zai mutu. Kyaftin Dosu ya zauna a hagu, ni a dama. Ya ce shi zai tuƙa, ni in lura da na'urori, za mu sauka cikin hadari.

Ga ƙa'idar, don ku gane. In kana sauka cikin gajimare akwai wani tsayi da aka ƙayyade. In ka kai shi ba ka ga titin jirgi da idonka ba, ba shawara, ba jira, a fasa sauka a koma sama. Mataimaki shi ke faɗa da ƙarfi. In kyaftin bai ji ba ya maimaita, in ya ƙi ji ya karɓe jirgin daga hannunsa. Wannan ko cikin barci aka tashe ni zan karanto shi.

Muka gangaro. Muka kai tsayin. Ba titi, fari kawai. Kyaftin Dosu ya ci gaba da gangarawa, hankalinsa kwance, har da ɗan fito. Na ga allurar da ke nuna tsayi tana sauka. Na san abin da zan ce, yana bakina. Na juya na ga furfurar nan, sai zuciyata ta ce: mutumin da ya yi tuƙi tun ba a haife ka ba, ya san abin da yake yi, wa ya aike ka? Na yi gyaran murya. Bai kula ba. Na ce, a hankali, "Kyaftin, ko dai kamar mun ɗan yi ƙasa?" Ya ce, "Mm?" Na buɗe baki zan sake jera wata maganar mai ladabi, allon ya yi ja, ɗakin ya girgiza, komai ya tsaya.

Ya cire abin kunnensa ya ajiye a cinya.

"Ka gani?"

"Na gani, Kyaftin."

"Tun yaushe?"

"Tun muna kan tsayin."

"To me ya hana ka?"

Na gaya masa gaskiya: a garinmu yaro ba ya ce wa babba ka yi kuskure, sai dai ya kewaya.

Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, da ya yi faɗan ma da ya fi min sauƙi. Ya ce su ma a ƙauyensu haka ne, shi har yau ba ya kallon yayansa ido cikin ido. "Amma da a ce da gaske ne, mutum hamsin ke bayanka, da duk ka kashe su da ladabi. Hannunka yana da kyau, na ga takardunka. Ba hannu nake nema a kujerar nan ba, ina da hannu. Ni tsoho ne, ina gajiya, ina mantuwa. Wanda zai gaya min nake nema." Ya ce in dawo gobe da safe, sau ɗaya, in ina so.

Wallahi ban san yadda na isa Zango ba. Kunya kamar in nutse. Ba faɗuwar ce ta dame ni ba, kowa na faɗuwa a simuleta. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne na sani, na gani, na yi shiru. Na gaya wa Kawu komai muna zaune a tabarmar Alhaji Mudi kafin magariba. Na zaci zai yi tsokanarsa. Sai ya ja carbinsa, ya ce, "To in tsohon da ba ka sani ba ya ɗaure maka baki haka, ina ga Garba?"

Ni ban kawo wannan ba sam. Na hango kaina a dama, Baba Kyaftin a hagu, mutumin da nake durƙusa wa a waya, allura tana sauka. Ko gyaran muryar ba zan iya ba. Na san kaina.

Da safe na koma. Na tarar da Selin a bakin ƙofa tana cin burodi, ashe labari ya riga ya zaga. Ta ce kada in damu, ita ma ya yi mata wannan tarkon. Na ce ita ta faɗi? Ta ce a'a, ita ta yi masa ihu har ya ce ta fasa masa kunne. Sannan ta ce in zan zaɓi kamfani in daina tambayar 'yan ofis, in samu mataimaki in tambaye shi yaushe rabon da ya ce wa kyaftin a'a, kuma me ya biyo baya.

Muka shiga. Wannan karon tun muna sama ya fara. Aka ce mu sauko ƙafa dubu huɗu, ya murɗa dubu uku. Na ce, "Dubu huɗu aka ce!" da wata irin murya da ni kaina na tsorata. Ya ce, "Ba kurma ba ne ni. Amma haka." Ya gyara. Muka gangaro cikin gajimare, muka kai tsayin, ba titi. Na ce a fasa sauka. Ya yi kamar bai ji ba. Na maimaita. Ya ci gaba da fitonsa. Na ce bismillah a raina, na kama sitiyarin gabana, na ture hannunsa daga kan abin ba da wuta, na ce, "Jirgi na hannuna." Na ture hannun dattijo, jama'a. Na cusa wuta muka koma sama. Da aka tsayar da na'urar rigata ta jiƙe, warin daddawa ya cika ɗakin. Kyaftin Dosu ya shinshina ya ce wane irin turare ne wannan, sannan ya miƙo min hannu. Da yamma suka ba ni takarda, suka ce in ba su amsa cikin mako biyu.

Dawowa ba wani labari. Kawu ya gama sarinsa, Alhaji Mudi ya ba mu man ja da gari, ya ce in turo masa hoton Dala. A iyaka wannan karon na rubuta ɗan kasuwa, ba wanda ya ɗaga kai. Daga Legas har Kano ina ta jera yadda zan faɗa wa Baba cewa aikin Kwatano na zaɓa, duk wadda na jera sai ta rushe. Na roƙi Kawu ya faɗa min. Ya ce, "Ni? Na kai ka na dawo da kai. Wannan kai da Malam."

Kwana biyu ina kewaye-kewaye a gida, ran na uku bayan asuba na faɗa. Baba bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Ya ce, "Mutum ya sa sunansa saboda kai, ya shiga ya fita, ka ce ka fi son inda ba ka da kowa? Da wane ido zan kalle shi?" Na ce ni zan je in gaya masa. Ya ce tare za mu, don ya ba shi haƙuri da bakinsa.

Baba Kyaftin duk Juma'ar da yake gari a gidansu na gado yake wuni, a Goron Dutse. Bayan masallaci muka same shi a zaure shi kaɗai, yana cin gyaɗa. Na cire takalmi na durƙusa. Ya ce, "Takwara! An ce ka je yawon buɗe ido. Ya teku?" Na ce lafiya. Na gaishe shi, na sake gaishe shi, na tambayi Hajiya, na tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke ƙasar waje. Ya ce, "Madalla. Litinin ka zo da hotuna huɗu, na gaya musu." Na ji bakina yana haɗa "to". Saura kaɗan ta fito.

"Baba, ba zan zo ba."

Ya tsaya da ɓare gyaɗar. Baba ya ce, "Garba, ka yi haƙuri da yaron nan, ni ma..." Baba Kyaftin ya ɗaga masa hannu.

"Sun fi mu biya ne?"

"A'a, Baba. Ba su kai ba."

"Jirginsu ya fi namu?"

"Bai kai ba."

"To mene ne?"

Na ba shi labarin simuleta, duka, ban rage faɗuwar ba. Na ce, "Baba, in kai ne a hagu, ko na ga muna shiga ƙasa ba zan iya ce maka ka yi kuskure ba. Ba zan iya ture hannunka ba. Ko an daina haɗa mu, duk wanda zan zauna da shi ya san ni ɗanka ne, ni ma na sani. Gara in je inda zan koyi buɗe baki tukuna." Ina faɗa ina kallon tabarma, hawaye na ɗiga, ban ma san na fara ba.

Baba ya sunkuyar da kai, na san ji yake kamar ƙasa ta tsage.

"Takwara," in ji Baba Kyaftin, "na fi shekara talatin a kujerar hagu. Yaranmu na gida da suka zauna a damata ba su ƙirguwa. Ko ɗaya bai taɓa ce min na yi kuskure ba."

Na ƙara duƙar da kai, na ce faɗan ya zo.

"Kana tsammanin ban taɓa yi ba?"

Na ɗago. Ba ni yake kallo ba. Ya ce akwai wata rana da damina, shekarun baya, ya gangaro cikin ruwa ya wuce tsayin bai lura ba, Allah ne kawai ya buɗe masa titin a gabansa. Da suka tsaya ya juya ya ga yaron da ke damarsa ya jiƙe sharkaf. Ya tambaye shi ko ya gani, ya ce ya gani. Me ya sa bai faɗa ba? Ya ce ya ji nauyinsa. "Na yi masa faɗa, ya durƙusa ya ba ni haƙuri. A nan maganar ta ƙare. Ko Hajiya ban taɓa gaya wa ba."

Ya juya wurin Baba. "Sani, bar shi ya tafi. Ba abin da ya yi min."

Baba ya ce, "To gurbin da ka nema masa fa?"

"Za a ba wani. Yaran suna da yawa, jiya ma an kawo min ɗan wani abokina." Ya tattara ɓawon gyaɗar a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonsa. "Yaro mai ladabi. Tun daga bakin ƙofar can ya durƙusa."